Yadda Ake Shirya Wasan Rediyo Kai Tsaye Irin Na Gwanayen Amurka Na Da

Daga 1926, shekarar da aka kafa gidan rediyon NBC, zuwa daren 30 ga Satumba 1962, lokacin da CBS ta watsa kashi na ƙarshe na wasannin Suspense da Yours Truly, Johnny Dollar, rediyo ce dandalin wasan kwaikwayo na gidajen Amurka. Har zuwa ƙarshen shekarun 1940 kusan komai kai tsaye ake yin sa, domin manyan gidajen biyu, NBC da CBS, sun hana watsa shirin da aka naɗa. Babu gyara, babu "a sake". Tun da kuma akwai ratar awa uku tsakanin Niyok da Kalifoniya, sau da yawa 'yan wasa kan yi shiri ɗaya sau biyu a dare guda. Wannan matsin ne ya haifar da dabarun da za a bayyana a nan, kuma duk ƙungiyar da ke son ta farfaɗo da irin wannan wasa za ta tarar cewa dabarun ba su tsufa ba. Mun saba cewa gani ya kori ji. A wannan sana'a ji ne kaɗai ake da shi, kuma abu biyu ne ke mulkinsa: tazarar baki da makirufo, da kuma agogo.

Mutane da ɗaki

Wasan rabin awa yana buƙatar darakta, injiniya, mai sanarwa, 'yan wasa huɗu zuwa shida, mai sauti (wanda ke kwaikwayon ƙarar abubuwa kamar taku da ƙofa) ɗaya ko biyu, da makaɗi. Makirufo uku sun isa: ɗaya na 'yan wasa, ɗaya na teburin sauti, ɗaya na kiɗa. In akwai na huɗu a ba mai sanarwa. A nisanta su da juna aƙalla ninki uku na tazarar da ke tsakanin kowannensu da abin da yake ɗauka, in ba haka ba murya ɗaya za ta shiga biyu a lokuta mabambanta kaɗan, ta fito tamkar daga cikin bututu.

Ka tsaya tsakiyar ɗakin ka tafa sau ɗaya. In ka ji tafin ya dawo da wata 'yar kaɗawa, bango tsirara ya yi yawa. A rataya labule mai kauri, a shimfiɗa darduma. Darakta da injiniya su zauna bayan gilashi ko a wani ɗaki da ake hango 'yan wasa, su saurara ta lasifika. Wannan ba ado ba ne. Daraktan da ke jin muryar ɗan wasa ta iska ba abin da mai saurare ke ji yake ji ba.

Takardar wasa

A buga da manyan haruffa, a bar layi guda fanko tsakanin kowane layi biyu. Sunan mai magana a hagu, maganarsa a dama, kowane layi da lambarsa a gefe, don darakta ya iya cewa "shafi na 7, layi na 12" kowa ya gano nan take. Umarnin sauti da na kiɗa a ja musu layi a ƙasa domin kada ɗan wasa ya karanta su a matsayin zance. Kada jimla ta fara a ƙasan wani shafi ta ƙare a saman na gaba, gara a bar gurbi.

Kada a ɗinke shafukan da ƙarfe. A nemi takarda mai laushi da ɗan kauri, domin siririya mai santsi ƙaras-ƙaras take yi, makirufo kuwa yana jin ta kamar gobara. In an gama shafi, a miƙe hannu gefe, a zame shi a hankali ya koma ƙasan sauran, ko a sake shi ya sauka kan darduma. Kafin a fara kowa ya ƙirga shafukansa ɗaya bayan ɗaya.

Marubuci kuma yana da nasa nauyin. Wanda ya daɗe bai yi magana ba a cikin fage, a kunnen mai saurare ya fita daga ɗakin. Saboda haka kada mutum fiye da huɗu su taru a fage ɗaya, a riƙa kiran juna da suna a farkon kowane fage, kuma duk sautin da zai iya rikita kunne a sa wani ya ambace shi. Ruwan sama da tafi da suyar mai duk kusan amo ɗaya gare su, kalmar da ta gabace su ce ke bambanta su.

Makirufo

Nan ne zuciyar aikin. Makirufon da ya fi shahara a zamanin shi ne RCA 44, wanda ya fito a farkon shekarun 1930. A cikinsa akwai wani zirin alminiyam mai lanƙwashe-lanƙwashe, wanda silin gashi ya fi shi kauri nesa ba kusa ba, rataye tsakanin maganaɗisu. Siffarsa ta sa yana ji ta gaba da ta baya daidai wa daida, amma ta gefe biyu kurma ne. Duk tsarin tsayuwar 'yan wasa daga nan ya samo asali: biyu ta wannan fuska, biyu ta waccan, suna kallon juna, takardunsu a riƙe ta gefen da ba ya ji.

Tazarar magana ta yau da kullum ita ce santimita 30 zuwa 45, wato kamar taƙi biyu. A manna alama a ƙasa a wannan wuri, a sa wata a mita ɗaya, wata kuma a mita biyu. Ta farko ita ce mutum yana tare da mu, ta biyu yana ƙarshen ɗaki, ta uku yana bakin ƙofa ko waje. Duk lokacin da tazara ta ninka, ƙarfin muryar da ke isa kai tsaye yana raguwa da kusan desibel shida (ma'aunin ƙarfin sauti), amma amsa-kuwwar ɗaki tana nan yadda take. Wannan sauyin ma'auni tsakanin murya da amsa-kuwwa shi ne abin da kunne ke fassarawa da nisa. Shi ya sa in injiniya ya rage murya da maɓalli ba a jin mutum ya tafi, sai dai a ji rediyo ta yi ƙasa. Mai fita daga fage da ƙafarsa zai fita: ya ja da baya yana magana, ko, in wuri ya yi ƙunci, ya karkata zuwa gefen kurma. Taku ɗaya a gefe yakan yi aikin taku huɗu a baya. Mai shigowa kuma ya fara maganarsa tun daga alama ta uku, ya ƙarasa jimlar daidai lokacin da ya iso ta farko. Yawancin sababbi shiru suke tahowa sai sun iso su buɗe baki, sai a ji kamar daga ƙasa suka tsiro.

In baki ya matso ƙasa da santimita 15, irin wannan makirufo yana ƙara wa murya kauri. Ga raɗa, ko zancen zuci, ko mai ba da labari da ke son ya shiga kunnen mutum, wannan alheri ne. Ga zance na yau da kullum kuwa laka yake mai da kalmomi. Mai raɗa ya matso ya yi magana ta gefen fuskar makirufo, iskar bakinsa ta wuce ba ta doke shi ba. Mai ihu ya ja baya taku guda ya kau da kai. Haruffan da ke fitowa da bugun iska, irin su f da t da k, su ne ke sa lasifika ta yi "bum". Gwajinsu shi ne ka ɗora tafin hannu a gaban bakinka ka karanta layin, duk inda ka ji iska ta doki fata, nan matsalar take.

Kada a kuskura a hura wa makirufo mai ziri iska don a ji ko yana aiki. Huri ɗaya yana iya miƙar da zirin ko ya tsinka shi. A ajiye shi a tsaye, a rufe shi da jaka in za a ɗauke shi. Wanda ya samu tsohon irinsa ya tabbata an kashe wutar bolt 48 ta na'urar haɗa sauti kafin ya jona, domin in wayar tana da matsala wutar za ta bi ta cikin zirin. Wanda kuwa na zamani mai ji ta gaba kaɗai yake da shi, ƙa'idodin duk suna aiki, illa dai gefen kurma ya koma baya, 'yan wasa kuma kafaɗa da kafaɗa za su tsaya.

Muryar waya ana yin ta ne da makirufo na dabam da aka tace, aka bar abin da ke tsakanin haz 300 da 3,000 kawai, wato an yanke mafi kaurin sauti da mafi sirantarsa. Mai yin ta ya tsaya bayan wani shamaki, don in muryarsa ta yoyo cikin babban makirufo asiri ya tonu.

Mai sanarwa

Shi ne muryar farko da ta ƙarshe, shi ke buɗe shiri, ya karanta talla, ya tuna wa mutane inda aka kwana, ya rufe a kan daƙiƙa. Ƙa'idarsa ta farko: mutum ɗaya yake yi wa magana. Ko da miliyoyi ke saurare, kowannensu a ɗakinsa yake, don haka muryar mai shela a dandali ba ta da wuri a nan. Shugaba Franklin Roosevelt, wanda ya fara jawabansa na hira da 'yan ƙasa ranar 12 ga Maris 1933, a hankali yake magana, ƙasa da saurin yawancin masu sanarwa, kuma yana da haƙorin roba da yake sawa a wata 'yar wushirya ta ƙasa kafin ya hau iska, wato ya fara magana a rediyo, domin makirufo yana kama fito a harafin s. Irin wannan kula ake nufi.

Ka yi wa takardarka alama da fensir. Karan tsaye ɗaya wurin ɗan dakatawa, biyu wurin jan numfashi, layi a ƙarƙashin kalma ɗaya tak a kowace jimla, wadda ita ce ke ɗauke da ma'ana. Mai jaddada kalma uku a jimla bai jaddada komai ba. Numfashi daga ciki ake jan sa, kafaɗa ba ta motsi, kuma ta baki a buɗe kaɗan don kada a ji shaƙa. Ido ya riƙa gaba da baki da kalma huɗu ko biyar. Kada murya ta mutu a ƙarshen jimla, nan ne galibi sunan kaya ko lokacin shiri yake. Masu sanarwar Ingilishi sukan yi kalma 140 zuwa 150 a minti, amma kada ka ari wannan lissafi, kowane harshe da tsawon kalmominsa. Ka karanta shafi ɗaya sau uku da agogo, ka ɗauki matsakaicin.

Kowane baƙon suna a rubuta yadda ake furta shi a samansa, gaɓa-gaɓa. Milton Cross, wanda ya gabatar da wasannin waƙa na gidan Metropolitan Opera na Niyok a rediyo daga 1931 har rasuwarsa a 1975, sunayen Italiya da Jamus da Faransa ne abincinsa kowace Asabar, kuma tun 1929 ya karɓi lambar yabo ta iya furuci. Sai dai ba baƙon suna ne kaɗai ke kayar da mutum ba. A 1931 Harry von Zell ya karanta dogon bayani a kan Shugaba Herbert Hoover, ya ambaci sunan daidai sau da dama, sai a ƙarshe harshensa ya musanya wasulan sunayen biyu. Hankali yakan saki ne a wurin da aka ga an riga an haye. In ka yi tuntuɓe a kalma, in ma'ana ba ta ɓaci ba ka wuce. In ta ɓaci, kamar a adadi ko suna, ka maimaita daidai sau ɗaya ba tare da ba da haƙuri ba.

Talla kuma a ɗauke ta da gaske. Harlow Wilcox a shirin Fibber McGee and Molly yakan shigo cikin labarin kamar maƙwabci, ya karkatar da hira zuwa man goge daɓe na Johnson's Wax, Don Wilson ma haka yake yi da kayan zaƙi na Jell-O a shirin ɗan barkwanci Jack Benny. Dabarar tana cin nasara ne in mai sanarwa bai sauya murya ba tsakanin hira da talla. Yana da kyau kuma mai sanarwa ya san layukan jarumi: a 1954 muryar Brace Beemer, jarumin shirin Lone Ranger, ta dushe, mai sanarwarsa Fred Foy ne ya hau matsayinsa a ranar.

'Yan wasa

A zaɓe su da kunne. Darakta ya juya baya ko ya saurara ta lasifika. William Conrad mutum ne mai jiki, kuma da aka mai da wasan Gunsmoke talabijin a 1955 James Arness aka ba matsayin, amma a rediyo daga 1952 zuwa 1961 muryar Conrad ce Matt Dillon, jarumin wasan. Abin da ake gudu shi ne muryoyi biyu masu kama a fage ɗaya. In maza biyu za su yi doguwar muhawara, ɗaya ya zama mai kauri da nawa, ɗaya siririya da sauri.

Mutum ɗaya yana iya ɗaukar matsayi biyu ko uku, muddin ba su yi magana a jere ba. Sauya kaurin murya kaɗai ba ya isa, kuma yana gajiyar da maƙogwaro. A sauya sauri, da wurin da muryar ke fitowa, hanci ko ƙirji, da tazara daga makirufo. Kowane matsayi a shafa masa launinsa a takarda.

Karatu ake yi, amma kada a ji karatu. Maganin shi ne a kama layi tun kafin na abokin wasa ya huce, a kuma yi motsin da ake faɗa: mai ɗaga kaya ya ɗaure jijiyoyinsa, mai gudu ya yi tsalle a wuri ɗaya kafin layinsa, mai murmushi ya yi murmushin, ana jin sa. Frank Readick, da zai yi ɗan jarida a wasan mahara daga duniyar Mas da Orson Welles ya shirya ranar 30 ga Oktoba 1938, faifan rahoton Herbert Morrison na faɗuwar jirgin saman Hindenburg a 1937 ya yi ta saurare, don ya ji yadda muryar mai firgita take karyewa da gaske. Shiru ma layi ne, amma sai an gina shi. A 1948, a cikin wasa, ɗan fashi ya tare Jack Benny ya ce ko kuɗi ko rai, Benny ya yi gum, jama'a suka fashe da dariya, saboda shekaru sun san shi da maƙo. Shirun da ba a shirya wa mai saurare ba, bayan daƙiƙa uku zai ɗauka tasha ce ta ɗauke.

Teburin sauti

Ƙa'idar ita ce abin da ya yi kama a lasifika, ba abin da yake na gaske ba. Ƙoƙon kwakwa biyu a akwatin tsakuwa ko yashi su ne kofaton doki, bugu huɗu-huɗu in tafiya ce, uku-uku in sukuwa. Leda mai ƙaras-ƙaras a murza a hankali dab da makirufo, wuta ce. Sitacin masara a cikin 'yar jaka, a matsa, taku ne a kan ƙanƙara. Fallen ƙarfe mai faɗi a rataye, a girgiza, tsawa. Ganga ta katako mai haƙarƙari da aka yafa wa tamfol, a juya ta da mariƙi, iska ce, saurin juyi ne ke sa ta kuka. Wuƙa a cikin kankana ko kabeji, suka. Bulala a kan matashin fata, harbi. Ƙofa kuwa ƙarama ake ƙerawa a kan firam mai nauyi, da mariƙi da sakata da makulli na gaske, domin ƙarar mariƙin ce ke gaya wa kunne ƙofa ce. Mota da jirgi da taron jama'a daga faifai ake sako su.

Taku shi ne ya fi wuya. Mai sauti ya sa takalmi mai tauri ya taka a kan allo, yana kallon bakin ɗan wasa, ya tsaya in ya tsaya. 'Yan wasa su kuma takalmi mai taushi, ko safa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne cika sauti: a kafa ruwan sama na daƙiƙa biyar, a sauke shi ƙasan zance, a ɗago shi jefi-jefi. Kuma kowane sauti na na'ura ya kasance da madadinsa na hannu a kusa. Tarin tsohuwar motar Jack Benny da bakin ɗan wasa Mel Blanc ake yin sa, kuma ya samo asali ne daga ranar da faifan ya ƙi tashi.

Kiɗa aikinsa uku: taken buɗewa, gada ta daƙiƙa biyar zuwa goma tsakanin fage da fage, da bugu guda mai kaifi bayan layi mai girgiza. Ƙananan shirye-shirye da ogan ɗaya, wato abin kiɗa mai kama da fiyano, suke yin duka, musamman bayan fitowar ogan na lantarki na Hammond a 1935.

Agogo da hannu

A zamanin, shirin rabin awa minti 29 ne da daƙiƙa 30, na kwata kuma 14 da 30. Ragowar ta tashoshi ce su faɗi sunansu. Cire buɗewa da rufewa da talla, wasan kansa bai wuce minti 23 zuwa 24 ba. In na barkwanci ne a gaban 'yan kallo, a rage wasu minti biyu saboda dariya.

Gwaji hawa huɗu ne: karatu a zaune, gwaji a makirufo, gwaji da sauti da kiɗa, sannan cikakke ba tsayawa. A wannan na ƙarshe mataimakin darakta yana rubuta lokaci a gefen takarda kowace daƙiƙa 30. Daga nan a yi lissafi ta baya: in rufewa tana cin daƙiƙa 50, to dole ta fara a 28:40, komai ake ciki. A keɓe wurare biyu ko uku na daƙiƙa 15 zuwa 30 da za a iya tsallakewa, a zagaye su a takardar kowa, a kuma tanadi ƙarin kiɗa da sanarwa da za su cike in an gama da wuri. A iska mutane sukan yi sauri fiye da gwaji, tsoro ne ke kawo haka.

Da fitilar da ke nuna an hau iska ta kama, darakta ba shi da baki, sai hannu. Nuna mutum da yatsa: fara. Yatsa yana juyawa kamar hannun agogo: ƙara sauri. Hannu biyu ana ja kamar ana miƙa danƙo: sassauta. Yatsa a kan hanci: muna daidai. Yatsa ya gitta maƙogwaro: yanke. Tafi ya nufo fuska: matso. Tafi yana turawa: ja baya. Tafi sama yana ɗagawa: ƙara murya, ƙasa yana dannawa: rage. Kowane ɗan wasa ya saba ɗaga ido a ƙarshen layinsa. In an ce a ƙara sauri, ba kalmomi ake gaggautawa ba, giɓin da ke tsakanin layuka ake tsukewa, daƙiƙa guda a kowane layi ta isa ta dawo da rabin minti cikin shafi biyu.

In wani ya ɓata wurinsa, abokin wasansa ya jefa masa tambayar da za ta maido shi, ko ya nuna masa layin a tasa takardar. In shafi ya ɓace, a leƙa ta kafaɗar na kusa. In bindiga ta ƙi tashi, a jira bulalar mai sauti, kada a ƙirƙiro sabon labari. Mai tari ya juya ya nufi gefen kurma. Bayan kalmar ƙarshe kowa ya tsaya cak, ba motsi ba magana, har sai injiniya ya rufe makirufo ya ɗaga hannu, domin fitilar bango takan mutu kafin layin ya yanke.